Balsa ko faiba? Yadda zaka zaɓi jikin jirgin rimot na alkafura kafin ka zuba kuɗinka

Tambayar nan ta "katako ya fi ko faiba" duk wanda ya ɗan daɗe a harkar jirgin rimot ya sha jinta, kuma yawanci mai tambayar ya riga ya ga wani jirgi mai sheƙi a bidiyo yana mirginawa a sama kamar an ɗora shi a kan zare, zuciyarsa ta riga ta tafi, so yake kawai a ce masa "saya malam". To ni dai amsata ba ta canzawa, jirgin da zaka iya gyarawa a kan teburinka da hannunka shi ne naka. Amma bari mu bi abin daki-daki don ka san me kake saye ko me kake shirin ginawa.

Mataki na 1: fara sanin wane irin wasa zaka yi

Alkafurar sama ba iri ɗaya ba ce. Akwai F3A, rukuni ne na hukumar wasannin sama ta duniya FAI, shi wannan tsabtar layi ake nema, alƙalai na zaune suna kallo ko zoben da ka zana a sama ya zagaye daidai, ko mirginawarka ta tafi da sauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Dokarsa fiffike kada ya wuce mita 2, tsawon jiki ma mita 2, kuma an yi shekaru da yawa a baya iyakar nauyi na kilo 5, ka ga a nan giram 50 ma abin faɗa ne. Akwai IMAC, su kwaikwayon jiragen gaske suke tashi irin su Extra 300 da Edge 540 da Yak 54, da injin fetur mai cc 50 ko 100 ko 150, manya ne sosai wani fiffikensa ya kai mita 3. Sai kuma 3D, wanda ake tsayar da jirgi a kan farfela jelarsa na kusan taɓa ƙasa, wannan kam faɗuwa cikin karatun take, ba wanda ya koye shi bai fasa jirgi ba.

In 3D ne a ranka, maganar ta ƙare tun nan, katako ko fom, kada ma ka kalli faiba yanzu. In kuma layi mai tsabta kake so to ci gaba da karatu.

Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa katako kayan 'yan koyo ne. Phil Kraft na Amurka da jirgin balsa, wato wani katako mara nauyi, mai suna Kwik Fli ya ci gasar duniya a 1967. Hanno Prettner ɗan Ostiriya sau 7 yana cin gasar duniya ta F3A, kuma Curare ɗinsa ta shekarun 1970 har yau mutane na gina ta da katako suna tashi. Giichi Naruke na Japan da ya yi zarra a shekarun 1990, jiragen da aka san shi da su aikin katako ne na hannu wanda in ka gani zaka rantse daga mol, wato mazubin da ake fitar da siffar jirgi a cikinsa, aka ciro su.

Mataki na 2: san balsa da kyau, don a nan ake cin riba ko a yi asara

Balsa itace ce ta Kudancin Amurka, mafi yawan wadda ake sayarwa a duniya daga Ekwado take fitowa, kuma abin mamaki 'yar dangin rimi da kuka ce. In ka taɓa yin motar kara kana yaro ka san laushin totuwar cikin kara, to balsa mai kyau kusan haka take a hannu, farce na shiga, amma tana da jijiya mai tafiya a tsaye wadda ke ba ta ƙarfi. Kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi wajen 2019 zuwa 2020 saboda masu ƙera fukafukan injin lantarki na iska, musamman a China, suna zuba ta a cikin fukafukan nasu, don haka kada ka yi mamakin farashi.

Abin da yawancin sababbi ba su sani ba shi ne falle biyu masu girma ɗaya ɗayan zai iya ninka ɗayan nauyi. Ɗauki falle mai kaurin milimita 1.5, faɗin santimita 10, tsawon mita 1. In mai sauƙin ne na gasa, wanda bulonsa mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi ke yin kilo 100, fallen zai zo giram 15. In matsakaici ne zai zo 24, in mai tauri ne 30 ko fiye. Yanzu ka ce fiffiken jirgin mita 2 zai ci falle 12 sama da ƙasa, bambancin giram 12 a kowane falle ya zama giram 144 kenan a fiffike kaɗai, ba ka ma taɓa jiki da jela ba. Shi ya sa abu na farko da zaka saya kafin wuƙa kafin gam shi ne ɗan sikelin nan na dijital mai auna giram, irin na masu sayar da gwal ko na kicin. Auna kowane falle, rubuta nauyin a kansa da fensir, sannan ka raba su gida biyu, na dama da na hagu su zo daidai. In ka zuba masu nauyin a fiffike ɗaya jirgin zai riƙa karkata duk sanda ka ja shi zobe, kuma zaka yi ta zargin rediyo alhali laifin tun daga tebur ne.

Sai jijiya. Akwai yankan A, layukansa dogaye ne kuma yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, shi ake rufe bayan jirgi da goshin fiffike. Akwai yankan C mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo, baya son lanƙwasa, in ka matsa masa sai ya tsage, shi ya dace da haƙarƙarin fiffike da jela. B kuma tsaka-tsaki. Inda kuma ake ɗaure inji da ƙafafun sauka ba balsa ake sawa ba, filawud ne siriri mai falle da yawa.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye: obeche. Katakon nan fari mara nauyi da ake kawowa daga kudu, a Kamaru ayus suke ce masa, a Ghana kuma sunansa wawa, wallahi ba zagi ba ne haka sunan yake. Turawan Ingila da Jamus sun daɗe suna rufe fiffiken fom da siririn fallensa mai kauri ƙasa da milimita 1. Ya fi balsa nauyi sau biyu zuwa uku don haka ba zaka gina jirgi gaba ɗaya da shi ba, amma a matsayin fata ko sanduna yana aiki, kuma ba sai ka jira jirgin ruwa ba.

Mataki na 3: san abin da ake nufi da faiba

In an ce jirgin faiba ko kamfozit, ba roba aka zuba ba. Yadi ne na zaren gilas ko na kabon ko na Kevlar, a jiƙa shi da ifoksi, gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake haɗawa ya sandare, a shimfiɗa a cikin mol. Kuma jiragen gasa ba falle ɗaya ba ne, yadi siriri a waje, wani abu mara nauyi a tsakiya kamar fom ɗin Rohacell ko Airex ko ma ita balsar mai milimita 1, sai wani yadin a ciki. Ka duba kwalin indomi, takarda sama takarda ƙasa da ɗan tudu-tudu a tsakiya, kowanne shi kaɗai ba komai ba ne amma a haɗe sai ka ga ya ɗauki kaya, to dabarar kenan. Fenti ma a cikin mol ake fesa shi tun farko, jirgi ya fito da kalarsa.

Gilas shi ne mai araha kuma mai haƙuri. Kabon ya fi ƙin lanƙwasa nesa ba kusa ba, amma baya gargaɗi, in ya kai iyakarsa ɓallewa yake lokaci ɗaya. Kevlar baya yagewa da sauƙi sai dai yana cinye almakashi kuma in ka sa masa samfefa sai ya yi gashi-gashi ya ɓata maka rai. Kamfanoni irin su CARF-Models da Krill na ƙasar Cek a wannan layin suke, Extreme Flight da Pilot-RC kuma an fi sanin su da kwarangwal ɗin katako da aka lulluɓe da leda, kodayake su ma yanzu suna manna kabon a jikin filawud ɗin, wato iyakar da ke tsakanin gidajen biyu ta fara dushewa.

Mataki na 4: auna su a kan abubuwan da ke da amfani a sama

Nauyi. Mutane na ɗauka faiba ta fi sauƙi, ba lallai ba ne. A ƙananan jirage masu fiffike mita 1.2 zuwa 1.6 kwarangwal ɗin balsa da leda kusan kullum shi ya fi sauƙi, saboda fatar faiba tana da iyakar sirantar da in ta wuce yatsa ma zai huda ta, sannan fenti na da nauyi. Sai jirgi ya girma sannan faiba ke fara kamo katako.

Miƙewa. Nan ne faiba ke cin kuɗinta. In mol ɗin a miƙe yake, jirgi na ɗari zai fito kamar na farko, fiffiken dama da na hagu tagwaye, gefen gaba kaifinsa ɗaya, kuma bayan shekara uku yana nan yadda yake. Mai gasar F3A da ke da jirgi biyu yana so in ya ajiye ɗaya ya ɗauki ɗaya kada hannunsa ya ji bambanci, abin da yake biya kenan. Katako kuwa miƙewarsa tana hannun magini. Jirgina na biyu a kan wani tsohon teburin cin abinci na gina shi, ashe tsakiyar teburin ya ɗan lotsa ban lura ba, fiffiken ya fito da 'yar murɗiya wadda ido baya gani sai ka tsaya ta baya ka runtse ido ɗaya, wata uku ina fama, in na saita shi a gudu kaɗan sai ya mirgina hagu a gudu sosai, ƙarshe sai da na sake fiffiken.

Ƙara da girgiza. Jikin faiba rami ne mai tauri, da injin fetur ko na gulo, wato ƙaramin inji mai shan man metanol, yana amsa amo kamar ganga, katako da leda sun fi shanye girgiza. In lantarki kake tashi wannan bai dame ka ba.

Kuɗi kuwa ba sai na faɗa ba, na faiba yakan ninka na katako mai girma ɗaya, kuma kwalinsa ƙato ne don jikin baya rabuwa, kuɗin kawowa kaɗai zai iya sayen wani jirgin.

Mataki na 5: sa ranar garinku a lissafi

Wannan masu rubutu daga Turai ba su cika damuwa da shi ba. Ifoksin da ya bushe a zafin ɗaki yana fara laushi tun daga wajen digiri 50 zuwa 60, sai in an gasa shi daga baya a masana'anta. To ka tuna watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai inda inuwa kanta ke wuce digiri 40, fiffike mai kalar baƙi ko shuɗi mai duhu da aka bari a rana awa ɗaya ya wuce wancan zafin, balle a bar shi cikin mota a kulle. Abin da ke biyo baya shi ne fata ta lotsa, saƙar yadin ta fito ta cikin fenti, wani lokacin aleron, wato ɓangaren bayan fiffike mai motsi da ke mirgina jirgi, ya murɗe kuma ba dawowa. In zaka sayi faiba zaɓi fari ko rawaya a saman, ka ɗinka masa riga da yadin nan mai azurfa na gilashin mota, ka riƙa rufe shi tsakanin tashi da tashi.

Katako shi ma da nasa. Jirgin kwali da aka haɗa a ƙasa mai laima in ya iso lokacin hunturu katakon na bushewa ya ɗan tsuke, sai ka buɗe kwali ka ga leda duk ta yamutse kamar fuskar tsohuwa. Ba lalacewa ya yi ba, ka bar shi kwana uku ya saba da iskar ɗakin sannan ka bi ledar da ayan. Da damina kuma ya sha laima ya kumbura. Bambancin dai na katako ayan ke gyarawa, na faiba sai haƙuri.

Mataki na 6: in zaka gina da kanka

Hanyar katako. Samo allo mai miƙewa na gaske, gilashi mai kauri ko ƙofar fulash sabuwa, ka gwada da doguwar rula ta ƙarfe ta kowace kusurwa. Shimfiɗa zanen jirgin, rufe da leda mara kala don kada gam ya kama takardar. Kafa sandar ƙasa ta fiffike, jera haƙarƙari kowanne a tsaye cak da sukwaya, sa sandar sama, sannan tsakanin sandunan biyu ka manna 'yan fallayen balsa da jijiyarsu a tsaye, kada ka raina waɗannan, su ke hana fiffike naɗewa in ka ja jirgi da ƙarfi. Rufe goshin da yankan A tun fiffiken na manne a allo, don da ka rufe shi siffar da yake ciki ta zauna kenan har abada, ko miƙaƙƙe ko murɗaɗɗe. Gam kuwa, sufa gulu mai ruwa-ruwa ga haɗin da ya zauna daidai, farin gam na kafinta ga wurin da zaka goge da samfefa, ifoksi mai minti 30 ga allon inji da wurin tayoyi kawai. Kada ka yi ta zuba ifoksi ko'ina don "ƙarfi", nauyi kake ƙarawa. Kuma ka fi tsananta wa jela, don nisan jela daga tsakiyar nauyi, wato inda jirgi ke daidaita in ka ɗora shi a yatsu, ya ninka na hanci sau uku ko fiye, giram 10 na banza a jela sai ka sa dalma giram 30 ko 40 a hanci kafin ya daidaita. Leda irin su Oracover ko MonoKote ka fara manna gefuna da zafi wajen digiri 100, sannan ka ƙara zuwa wajen 150 don ta ɗame, kana yin sama da ƙasa bi da bi don kada ta ja fiffiken gefe ɗaya.

Hanyar tsakiya, wadda ni na fi ba mutum shawara in ya gama jirgi ɗaya ko biyu: fiffiken fom mai fatar katako. Farin fom ne irin na cikin kwalin firij amma babban bulo, ka yanka samfurin siffar fiffike guda biyu da filawud ko fomaika, ɗaya na gindi ɗaya na ƙarshe, ka manna a gefunan bulon, ku biyu ku ja waya mai zafi ta nikrom a kan samfuran kuna ƙirga lamba tare don ku fita lokaci ɗaya. Kada ka yar da ɓawon sama da na ƙasa da suka rage, su ne mol ɗinka. Haɗa fallayen balsa ko obeche su zama fata ɗaya, shafa ifoksi mai ruwa ka kankare shi da tsohon katin ATM har sai ka ga kamar ba ka shafa komai ba, shimfiɗa zaren kabon ko yadin gilas a inda bututun da ke haɗa fiffike da jiki zai ƙare, mayar da komai cikin ɓawon, ɗora allo, ɗora buhun siminti ɗaya, ka bar shi awa 24. Abin da zai fito miƙaƙƙe ne mai tauri, manyan jiragen IMAC da yawa da suka ci gasa haka aka yi fukafukansu.

Gargaɗi ɗaya da na saya da tsada: ruwan faibar da masu gyaran bamba da tankin ruwa ke amfani da shi poliyesta ne, mai warin nan mai hawa kai. Na taɓa karɓo shi don araha na shafa a kan fom, ina tsaye ina kallo fiffiken ya narke kamar sukari a shayi. Sufa gulu na kasuwa ma yana cin farin fom, fetur ma haka. Ifoksi kawai, ko gam ɗin poliyuretan mai kumfa.

Hanyar mol kuwa a taƙaice: sai ka fara sassaƙa jirgin gaba ɗaya ka goge shi ya yi santsi kamar madubi, ka shafa kakin hana mannewa sau da yawa, ka zuba mol gida biyu a kansa, sannan a cikin mol ɗin ka fesa fenti, ka shimfiɗa yadi da fom, ka sa a jakar leda ka zuƙe iska da famfo, wasu tsohon kwamfuresan firij suke juyawa ya yi musu wannan aikin. Ifoksi da sikeli ake haɗa shi, wani 100 ga 40 wani 5 ga 1, bi abin da ke jikin gwangwanin, ƙara mahaɗi baya sa shi saurin bushewa sai dai ya bar maka shi kamar cingam. Nauyin ifoksin ya zo kusan daidai da nauyin yadin, in ya wuce kaya ka ɗora wa jirgi. Gaskiyar magana aikin mol ya ninka na gina jirgin katako ɗaya sau da yawa, baya biyan wahala sai in jirgi biyar ko goma zaka cire, ko ku haɗu ku da yawa. Amma ƙananan abubuwa irin murfin inji da rigar taya, waɗannan ka gwada, nan ake koyo.

Sa safar hannu in kana taɓa ifoksi, jiki na iya ƙin sa daga baya ya zama ko warinsa ka ji sai ƙaiƙayi. Ƙurar kabon da ta gilas kada ka shaƙa, jiƙa samfefar da ruwa. Sufa gulu kuma in ya zuba a auduga ko rigar yadi zafi yake yi har ya ƙona fata.

Mataki na 7: wurin haɗa kaya

Kabon yana tare siginar rediyo ta 2.4GHz kuma wutar lantarki na bi ta cikinsa. In jikin jirginka na da kabon da yawa fito da eriyoyin risiba, wato na'urar da ke karɓar sigina a cikin jirgin, waje ko ka kai su wurin da gilas ne zalla, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sannan kafin tashin farko ka sa rediyo a yanayin gwaji ka ja baya taku 30, wani ya riƙa juya jirgin ta kowane gefe kana motsa sanduna. Wayar batir da ta goge a kaifin kabon kuma gobara ce, sa roba a duk ramin da waya ta bi.

A jikin faiba gam baya kama wuri mai sheƙi, sai ka goge da samfefa mai kaushi ka share da sipirit kafin ka manna komai. Kuma kada ka ɗaure sarbo, ɗan injin da ke motsa aleron, ko ƙahon da yake ja a jikin aleron a fata kawai, nemi inda masana'anta ta sa katako a ciki. A jikin katako kuma in injin mai zaka sa, shafe allon inji da ɗakin tanki da ifoksi mai ruwa tun kafin ka ɗaura komai, don balsa in ta sha mai ta zama kamar soso kuma gam baya ƙara kama ta. Duk ramin sukurun da ka huda a katako ɗiga masa sufa gulu ya taurare.

Ko wanne ka zaɓa, kama aleron da elebeta, wato ɓangaren jela mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, ka girgiza, in akwai lako-lako gyara kafin ka tashi, don a gudu sosai suna iya kama karkarwa, ƙarar "brrr" ɗaya zaka ji jela ta rabu da jirgi. Tsakiyar nauyi kuma fara da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gaba, daga baya ka riƙa matsawa baya kaɗan-kaɗan.

Mataki na 8: ranar da ya faɗi

Zai faɗi, ba baki na yi maka ba. In katako ne, abu na farko tsince komai har ɗan guntun da ka raina, zuba a leda. A gida ka yanke ledar jikin ka buɗe wurin, ka mayar da gutsattsarin kamar kana haɗa fasasshiyar ƙwarya, kowanne ya koma gurbinsa ka ɗiga sufa gulu mai ruwa. Sandar da ta karye kada ka haɗa ta kai da kai, yanka ta a karkace doguwar yanka wadda ta kai kaurinta sau shida ko fiye, ka sa sabuwa, ka ƙara ɗan falle a gefe. Goge, sa sabuwar leda ta hau kan tsohuwar da rabin santimita. Hancin da ya ragargaje ranar Asabar sau da yawa Asabar mai zuwa yana sama.

Faiba kuwa matsalarta ciwon da baya nunawa. Waje lafiya lau amma ciki fata ta rabu da fom. Ɗauki tsabar kuɗi ko makulli ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali, wuri mai lafiya ƙararsa tsaf take, wurin da ya rabu sai ka ji "bub" kamar kankana. Haska tocila daga ciki a ɗaki mai duhu, tsagar zata fito. Gyaran shi ne ka daidaita tsagar ka riƙe da sufa gulu, ka goge ciki, ka manna yadin gilas falle biyu na biyun ya fi na farkon faɗi, waje kuma ka cike da ifoksi da aka dama da garin cikawa mara nauyi, ka goge, ka fesa fenti. Yana gyaruwa, amma kalar da wuya ta dace, nauyi ya ƙaru, kuma fiffiken da sandar kabon ɗinsa ta karye ni dai bana yarda da shi kuma, sabo ake saye, in ma kamfanin bai daina yin samfurin ba.

Mataki na 9: yanke shawara

In ba ka kai matsayin da zaka yi tashi hamsin a jere ba tare da ka taɓa ƙasa da fiffike ba, katako, mai fiffike mita 1.2 zuwa 1.5 na lantarki, irin tsarin Ugly Stik ko Kaos ko ƙaramin Extra, ka sayi leda da balsa na gyara tare da shi a oda ɗaya. In ka wuce nan kana son layi mai tsabta, fiffiken fom mai fatar balsa da jikin katako, murfin inji na faiba, bututun fiffike da ƙafafu na kabon. Faiba zalla sai ranar da ka tabbata jirgin ne ke riƙe ka ba yatsunka ba, kuma kana da inuwar ajiye shi da motar ɗaukarsa.

In na hannu zaka saya, na katako ka murɗa fiffiken a hankali kusa da kunnenka, in ka ji ƙas-ƙas akwai haɗin da ya saki, ka shinshina wajen inji ka danna da yatsa ko ya sha mai. Na faiba ka yi masa gwajin makullin nan, ka ɗora shi a sikeli, in ya fi abin da kamfani ya rubuta da yawa to an sha yi masa gyara an rufe da fenti. Kuma kafin ka yi odar komai daga waje, in a Najeriya kake, ka bincika maganar izini wurin hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don tun 2016 aka tsaurara doka kan jirage marasa matuƙi, kada kayanka su maƙale a kwastan, kuma filin da zaka tashi ya yi nesa da filin jirgin sama da barikin soja da gidajen mutane.